Abin da awon jinin wata tsohuwa ya koya mini a Kartum

Na isa Kartum karatun aikin jinya a ƙarshen shekarar 2018, ina ɗan shekara ashirin, daga gidan Kirista da ba a fashin addu'ar asuba kuma ba a shiga da kwalbar giya. Na tarar da rayuwar da ban saba da ita ba: Lahadi ranar aji ce domin hutun mako Juma'a da Asabar ne, Kiristoci sun ragu ƙwarai tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, giya kuma doka ta hana ta tun 1983. A shekarata ta farko kame kai bai ba ni wahala ba, har na ɗauka na yi nisa a zaman tsarki, ban lura ba cewa rabin wannan tsarkin aronsa na yi daga tsoron hukuma da idon jama'a.

Sai ƙasa ta juya. An sauke Umar al-Bashir a Afrilun 2019, aka soke dokar da ke sa ido kan sutura da cuɗanyar jama'a a Nuwamba, aka ba da hutun Kirsimeti a Disamba, sa'an nan a Yulin 2020 aka cire hukuncin ridda aka kuma ba waɗanda ba Musulmi ba damar shan giya. Na yi murna da yawancin waɗannan sauye-sauye, har yau kuma ina ganin sun kawo wa mutane sauƙi. Amma sun bar ni tsaye ba shinge. Da yamma mukan zauna wurin mai shayi a bakin kogin Nilu, abokan karatuna, Musulmi da Kirista, suna ta maimaita cewa zamanin ɓoye-ɓoye ya wuce, kowa ya fito da halinsa fili. Wani daga cikinsu ya taɓa ce mini, "Kai da doka ta sakar wa mara, me kake jira kuma?" Ban raina maganarsu ba, domin sun taso ne cikin shekara talatin suna kallon masu wa'azi da rana suna kwasar dukiyar talaka da dare, Musa a baki Fir'auna a zuci, sun kuwa gaji da munafunci. Na bi su wasu tarurruka, na sha araƙi, wato giyar gargajiyar Sudan, ba sau ɗaya ba, ranar Lahadi da yamma kuma in tsaya gaban matasan ikilisiya ina jan waƙa. Har na fara tunanin cewa idan gaskiya nake so, to in daina zuwa sujada, tun da dai abin da nake yi a ɓoye shi ne ainihina.

A ɗakin marasa lafiya na sami amsar da ban samu a bakin kogi ba. Wani dare a 2021 ina aikin kwana a wani asibiti, gajiya ta kama ni, sai na rubuta 130/80 a takardar wata tsohuwa ba tare da na ɗaura mata ma'aunin jini ba. Mutuniyar Maiwurno ce, garin nan na kusa da Sinnar da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa tare da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausa ta fi Larabci sauƙi a bakinta, shi ya sa ni ne tafintanta. Da safe, babbar nas tana tsaye da takardar a hannu, tsohuwar ta kamo gefen rigata ta ce, "Ɗana, daren jiya ba ka matse mini hannu ba, ko lafiya?" Babu mai jin Hausa a ɗakin sai ni. Babbar nas ta tambaye ni me ta ce, kuma da na ce gaisuwa take yi, magana ta mutu a nan. Na ji bakina ya bushe, na ce mata, "Sista, lambar nan ban auna ba, ƙirƙira na yi."

Ta auna da kanta, jinin ya hau sosai, aka kira likita ya sauya magani. Daga baya ta kira ni gefe ta ce ta ji daɗi da na faɗi gaskiya, ta kuma rubuta laifina, ta ƙara mini kwanakin aiki, ta ce duk awon da zan yi a watan sai wani ya duba bayana. Wannan ne abin da ya tsaya mini a rai. Ba ta ce tun da na amsa laifina an ɗauke mini wajibin awo ba. Gaskiyar da na faɗa amfaninta shi ne ta ba da damar a gyara abin da na ɓata tun kafin ya kai tsohuwar ga shanyewar jiki. Da na ce ni dai haka nake, mai gajiya ne, a karɓe ni a haka, da ban yi ƙarya ba, amma da hannun tsohuwar ya ci gaba da zama ba awo.

A makon nan na je wurin wani dattijon ikilisiya, mutumin Duwatsun Nuba da muke kira Baba, na kwashe labarin araƙi da na takarda na gaya masa, abin da ban taɓa yi wa wani babba ba. Na zaci zai hana ni jan waƙa har abada. Ya ce in huta wata biyu, ya tuna mini Bitrus da ya yi musun Ubangijinsa sau uku aka kuma tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa kafin a damƙa masa tumaki, sa'an nan ya ce in riƙa zuwa gidansa kowace Juma'a in faɗa masa yadda makona ya tafi. A nan na gane laifin da muke yi a zumuntar matasa: muna koya wa juna yadda ake bayyana da tsabta, ba mu tanadi wurin da yaro zai ce "na faɗi" ba tare da labarinsa ya zaga gari ba, shi ya sa da yawa suke ɗaukar gaskiyarsu su kai ta inda ba wanda zai ce musu su tashi.

Yaƙin Afrilun 2023 ya watsa mu. Na ƙarasa horona a Gadarif, inda Hausawa suke da yawa har nakan yini ina tafinta. Ba na rubuta lamba sai ma'aunin yana ɗaure a hannun mara lafiya, ranar Juma'a kuma, idan layin waya ya samu, nakan kira Baba a inda yake gudun hijira, ya tambaye ni makona, in faɗa masa.