Ƙanina mai son ƙira, kada masaba ta raba ka da littafi

Kusan duk yaron da sha'awar ƙira ta kama, wuƙa yake so ya fara ƙerawa. Ban taɓa jin wanda ya ce fartanya ce ta ja hankalinsa ba. Bidiyo zai gani a waya, wani ya ɗauki guntun ƙarfe mai tsatsa, kafin minti goma ga wuƙa tana walƙiya da ƙota mai sheƙi, daga nan barci ya ƙaurace wa idonsa. Ni ma ta wannan ƙofar na shigo ina sakandare, kuma ba gado na yi ba, haye na yi, don gidanmu babu maƙeri ko ɗaya. Har yau da ƙarfe nake ciyar da iyalina, saboda haka ba zan ce maka ka bari ba. Wuraren da na yi tuntuɓe zan nuna maka, domin akwai wanda ya ci mini shekaru.

Da farko na raina maƙeran garinmu. A ganina na lokacin, tsofaffi ne da ke zaune a ƙasa suna buga lauje da fartanya, yaro yana musu zuga, ni kuwa ƙirar zamani zan yi. Na haƙa murhu a bayan gida, na samo wani jibgegen ƙarfen babbar mota na mai da shi uwar maƙera, na sayi tsohon sifirin a wurin masu gwangwan. Wuƙaƙen da nake fitarwa suna da kyan gani, wannan ba yabon kai ba ne. Har wani mahauci a unguwarmu ya ga ɗaya ya saya ana shirin Babbar Sallah. Washegarin Sallah ya zo ƙofar gidanmu da ita a naɗe cikin tsumma, gida biyu. Yana cikin fiɗa ta daki ƙashi ta karye, ɓallin ya yi sama ya wuce ta gefen fuskar ɗansa da ke riƙe masa ƙafar rago. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Yaro, wa ya koya maka shayar da ƙarfe?" Na rasa amsa, domin babu wanda ya koya mini shayarwa, wato tsoma ƙarfen da ya yi ja a ruwa ko mai don ya yi tauri.

Ranar na ɗauki guntayen na tafi maƙera. Dattijon da nake wucewa kullum ban gaishe shi yadda ya kamata ba ya karɓa, ya juya bakin karayar wajen haske, ya ce in matso in duba. Cikin ƙarfen ya yi tsaki-tsaki, ƙwayoyinsa manya suna ƙyalli. Ya ce, "Ka ƙona shi, sannan ka tsoma shi a ruwan sanyi, kuma ba ka mayar da shi wuta ba." Laifi uku ya karanto daga karaya ɗaya, bai tambaye ni komai ba.

Ga abin da na koya a hannunsa, wanda daga baya na tarar da dalilinsa a littafi. Ƙarfen wuƙa sai yana da sinadarin kabon daidai gwargwado kafin ya yi tauri. Shi ya sa sifirin mota da tsohon magagari suke yin wuƙa, rodin gini kuwa ba abin dogaro ba ne, ko ka wasa shi kaifin ba ya daɗewa. In ka gama bugu, kada ka yi gaggawar shayarwa. Ka ɗora shi a wuta ya yi ja, ka fitar ka bar shi ya huce da kansa a iska, ka maimaita, wannan ne ke gyara ƙwayoyin da bugu da yawan wuta suka ɓata. Wajen shayarwa, a inuwa ake duba launin ƙarfe, domin hasken rana yana ɓoye jansa, kai kana ganin bai kai ba alhali ya wuce. In idonka bai ƙware ba tukuna, ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika ka riƙa taɓawa. Ƙarfe yana daina kama maye idan zafinsa ya kai wajen digiri 770 a ma'aunin Selsiyas. Da ya daina kamawa sai ka ƙara masa wuta kaɗan ka tsoma. Sifirin kuwa mai yake so, ruwa yana tsatsaga shi. Man gyaɗa mai ɗumi ya isa, ka bar baƙin man mota, hayaƙinsa guba ne.

Daga nan sai matakin da na tsallake, wanda ya kusa raba yaro da idonsa. Ƙarfen da aka tsoma yana fitowa da tauri har magagari ya riƙa zamewa a kansa, amma babu juriya, bugu ɗaya ya tashi aiki. Dole a goge shi ya yi fari, a riƙa ɗumama shi a hankali ta wajen baya, ana kallon launin da ke gangarowa zuwa kaifi. Idan bakin ya ɗauki launin busasshen kara, wato zafin ya kai digiri 200 da ɗoriya, sai a tsayar. In ka bari ya yi shuɗi, ya yi laushi da yawa ga wuƙa. Duk wannan dattijon da ido yake auna shi, da gawayin ƙirya, ba na'ura ba takarda. Kada ka yi mamaki, ilimin ya daɗe a ƙasar nan. Ko labarin kafuwar Kano da ake bayarwa cewa ya yi wani maƙeri ne ya taso daga Gaya neman tama ya sauka a gindin Dala. Je ka durƙusa ka gaishe su, ka ce, "Baba, koyo na zo." Zuga za su fara ba ka da share maƙera, ka karɓa. Bidiyo ba zai riƙe hannunka ya gyara maka riƙon awartaki ba.

Jikinka kuma ka tausaya masa tun yanzu. Kada ka hura gawayi a rufaffen ɗaki, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. Kada ka saka kwanon rufi ko bututun ruwa mai farin shafe a wuta, hayaƙin shafen yana kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji. Tabarau wajen gurza ƙarfe, abin toshe kunne wajen bugu. Ni na yi sakaci da na kunne, yanzu kunnena na hagu ba ya rabuwa da ƙara.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo kuwa a makaranta na yi shi. Da kuɗin wuƙa suka fara shigowa aljihuna, sai na yanke wa kaina hukunci cewa boko ba nawa ba ne. Ina zuwa aji, amma hankalina yana maƙera. Lissafi na sake shi gaba ɗaya, Fiziks da Kemistri kuwa na ɗauke su abin masu son zama likita. Sakamakon WAEC ya fito babu ko ɗaya cikin ukun. A lokacin ban damu ba. Na fara damuwa ranar da wani mai sana'ar niƙa ya kawo mini zanen injin a takarda, da ma'aunai da alamomi, ya ce in ƙera masa wasu sassa, na riƙe takardar na kasa karantawa. Aikin ya koma hannun wani da bai kai ni iya bugu ba, amma ya yi kwalejin fasaha. Sai da na koma na sake zama jarrabawa ina da gemu, tare da sa'o'in ƙannena, kuma lissafin da da zan koya cikin sauƙi ya zo mini da wuya.

Abin da ban gane ba shi ne, darussan da na guje wa su ne ƙirar kanta a rubuce. Dalilin da ya sa ƙarfe ke tauri in an tsoma shi Kemistri ne da Fiziks. Yanka faranti ba tare da asara ba lissafi ne. In kana son zurfafawa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen injiniyancin ƙarafa, kuma ba a shiga sai da kiredit biyar har da Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistri, sannan JAMB. In hannunka ya fi ƙarfi a aikace, akwai kwalejojin fasaha masu jarrabawar NABTEB, inda ake koyar da walda da haɗa ƙarafa, daga nan ana wucewa foliteknik irin ta Kaduna a yi ND da HND. Ko wanda ya koyi aiki a hannun ubangida yana iya zama gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai matakai uku, ya samu takardar da zai nuna wa kamfani. Hukumar ITF, wato asusun horar da ma'aikatan masana'antu, da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Jos, ita ma tana shirye-shiryen horar da masu sana'a. Ba wanda zai zaɓar maka cikin waɗannan, amma kada ka rufe ƙofofin da hannunka kana ɗan shekara 16.

Sai dai kada ka yi karatun kana jiran gwamnati ta kira ka. Kamfanin ƙarfe na Ajakuta a Jihar Kogi tun 1979 aka fara gininsa da haɗin gwiwar Tarayyar Sobiyet, har yau bai fara narkar da tama yadda aka tsara ba. Aikin da ke raye yana Panteka a Kaduna, yana wajen masu ƙarfe na Ƙofar Ruwa a Kano, yana kowane gari da ake buƙatar injin casa, injin markaɗe, garmar shanu, ƙofa da taga. Wuƙa kaɗai ba ta riƙe gida. Kasuwarta tana tashi gabanin Babbar Sallah, ta kwanta, ga kuma wuƙaƙe 'yan China masu araha sun cika kasuwa. Na daɗe ina ƙera wuƙaƙen ado da kube mai zane, ina ajiye su suna tsatsa, alhali maƙwabcina mai kaifafa haƙoran garma ba ya zama in damina ta gabato. Yanzu walda da kayan noma ne ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yana, wuƙa kuwa ina yi wa mahauta da masu tsire da suka san hannuna, kuma a nan nake samun daɗin zuciya. Ka riƙa rubuta kuɗin ƙarfe, gawayi da kwanakin aikinka a littafi kafin ka yanke farashi. Wannan littafin ma shi zai fi gamsar da mahaifinka idan yana ganin wasa kake yi.

Saura magana ɗaya, kuma ba ta wasa ba ce. Da zarar an san kana ƙera wuƙa, wasu samari za su zo maka da zane, doguwa mai baki biyu, siririn tsini, kuma ba sa neman ragi. Na taɓa yi wa wani, ban tambaye shi sana'arsa ba, kuɗin ne suka rufe mini ido. Bayan wani lokaci aka yi faɗan daba a wata unguwa kusa da mu, aka ji wa yara rauni, na kwana ina juyi ina tunanin ko tawa tana ciki, kuma har gobe ba ni da hanyar sani. Idan 'yan sanda suka kama makami, ba a kan mai riƙewa kaɗai suke tsayawa ba, suna bin sawu har maƙera. Wuƙar mahauci, ta mai tsire da ta uwargida kowace tana da siffarta, kuma mai buƙatarta zai gaya maka abin da zai yanka kafin ka tambaya. Wanda ya kasa faɗa maka, ka ce masa ba ka yin irin wannan aikin, ko nawa ya ajiye. Wanda ya zo da maganar bindiga kuwa, ko gyara ne, kada ka bari ya zauna, kuma ka sanar da ubangidanka tun a ranar.