Kotun kan ciyawa ta Ruwanda da zaman sulhu a ƙofar dagaci

A watan Afrilun 1994 aka fara kisan ƙare-dangi a Ruwanda. Cikin kwana ɗari an hallaka mutum wajen 800,000, yawancinsu 'yan ƙabilar Tutsi, kuma da adda da kulki aka yi mafi yawan ɓarnar, maƙwabci yana saran maƙwabcinsa. Da ƙura ta lafa, mutum kusan 120,000 ne a tsare. Kotunan gwamnati ba za su gama da su ba ko a shekara ɗari.

Sai suka waiwayi wata tsohuwar al'adarsu, gacaca (ana furta ta "gachacha"), wato zaman shari'a a kan ciyawa, kamar dai yadda ake taruwa a gindin darbejiyar ƙofar dagaci. Mutanen unguwa ne suka zaɓi alƙalai daga cikinsu, waɗanda aka shaida da gaskiya. Ana zama sau ɗaya a mako. Kafin a rufe kotunan a 2012, sun saurari ƙara kusan miliyan biyu.

Wanda duk ke shiga tsakanin manoma da makiyaya a fadamar Haɗeja ya dubi sharaɗin sassauci da suka gindaya. Namu rikicin bai kai nasu ba, Allah ya kiyaye, amma jini jini ne. A can, "ku yafe mini" ba ta wadatar. Sai mai laifi ya faɗi abin da ya yi dalla-dalla, ya ambaci waɗanda suka yi tare, ya nuna ramin da aka jefa gawa, sannan ya nemi gafara a bainar jama'a. Daga nan a rage masa hukunci, ya biya wani ɓangare na hukuncin da aikin gayya. Mafi yawan ƙararrakin ma na dukiya ne: saniyar da aka yanka, kwanon rufin da aka kware. Aka ce a biya. A ganina nan ne namu sulhun ke yin rauni. A yi addu'a, a raba goro, a ce komai ya wuce, alhali mai gonar bai ga damin geronsa ba, matar mamaci kuma ba ta san inda aka binne mijinta ba.

Gacaca ta yi tuntuɓe. Babu lauya, an tsoratar da shaidu, an kashe wasu, kuma ba ta taɓa laifin sojojin 'yan tawayen da suka ci yaƙin basasar ƙasar suka karɓi mulki ba. Matan da aka yi wa fyaɗe da dama sun yi shiru don kunya, ko da aka mayar da shari'arsu ta sirri.

Ciwon zuci kuwa bai san an rufe kotu ba. Kowace 7 ga Afrilu, a taron tunawa, akan ga mutum ya ƙwalla ihu ya zube, yana ganin masu adda a gabansa. A ƙauyukanmu nan take za a ce iska ce. Duba tukuna: yana firgita da ƙarar babur? Barci ya ƙaurace masa? Ya daina bin hanyar da abin ya faru? A janye shi daga taro, a zaunar da shi a inuwa, a ba shi ruwa, mutum ɗaya da ya yarda da shi ya zauna kusa yana kiran sunansa a hankali. Kada a matsa masa ya ba da labari. In abin ya haura wata guda, a kai shi asibiti, ana yi ana haɗawa da addu'a.