Abin barbaɗawa ba mai, ba kala: sana'armu a Kaduna

Ƙaramin kamfani gare ni a Unguwar Rimi, nan cikin Kaduna, ni da wasu mata da muke aiki tare. Muna yin abin barbaɗawa a kan kwaɗon zogale ko rama, salak, faten wake da dafaffen dankali. Ba nama a ciki, ba kala, ba ma ƙara mai. Yawancin masu sayenmu waɗanda likita ya ja wa kunne ne kan hawan jini ko ciwon suga. Sai kuma 'yan ƙalilan da suka zaɓi cin tsirrai zalla yadda Allah ya halicce su: hatsi da dusarsa, wake, ganye, 'ya'yan itace, ba a tace ba, ba a cika su da sinadari ba.

Waɗannan na biyun ne suke yawan tambayata game da wasu 'yan gutsattsari ja-ja da ake sayarwa cikin roba a Amurka don barbaɗawa kan salak, wai an kwaikwayi ɗanɗanon kyafaffen naman alade. Sunan kaɗai ya isa Bahaushe ya kau da kai. Da yawansu kuwa ba nama a ciki. In ka karanta bayan robar, garin waken suya ne da aka sarrafa a inji, da man girki, da gishiri, da ƙamshin hayaƙi na haɗi, da jar kala. Wasu kuma naman ne na gaske, don haka Musulmi ya duba kafin ya taɓa. Shi na gasken ma, ko ga masu cinsa, tun 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji. Na kwaikwayon ya kuɓuta daga wannan, amma bai kuɓuta daga gishiri ba, alhali hukumar ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kusan cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a dunƙule da burodi.

Ni dai ban ga dalilin da zai sa mu kwaikwayi naman da ba ma ci ba. Abin da harshe ke nema a wajen uku ne: garas-garas, ƙamshin wuta, da ɗanɗanon nan mai zama a baki. Duk muna da su a madafinmu tun kaka da kakanni.

Garas-garas ɗin daga gyaɗa muke samunsa. Kowa ya san ƙuli-ƙuli a kan kwaɗo, sai dai shi a mai ake soya shi. Mu tunkuzar muke karɓa bayan an matse man, mu baza ta siriri a faranti, mu gasa da wuta kaɗan-kaɗan har ta bushe ta yi ja, sannan a farfasa, ba a daka ta yi laushi ba. Wanda ya dage sai gyaɗa cikakkiya, akwai wadda muke soyawa da yashi mu ɓarza. Riɗi da agushi kuwa a busasshen kasko ake juya su, kuma ba a matsawa daga wajen, don ƙiftawar ido riɗi ya ƙone ya yi ɗaci. Muna yin na awara ma: a dafa ta da ruwan tsamiya, a matse sosai, a marmasa, a jiƙa da kayan ƙamshi, a gasa. Shi ya fi kama da na robar can, shi ya fi tsada, shi kuma ya fi saurin lalacewa.

Ƙamshin wuta tattasai ke ba mu. Ana gasa shi kan garwashi har bayansa ya ɗan yi baƙi, a kankare, a shanya, a daka da cittar Kachia, masoro da tafarnuwa. Amma gwanar aikin ita ce daddawar kalwa. In aka busar da ita aka ɗan gasa, warin da wasu ke gudu yana kwantawa, ɗanɗanon ya fito, har ka rage gishiri sosai baki bai yi ƙorafi ba. Ɗan garin tsamiya yana ƙara taimakawa. Na ga a waje suna yin irin wannan da kwakwa. Tana da daɗi, amma kitsenta mai daskarewa ne, ba na ba mai ciwon zuciya shawararta.

Wahalar sana'ar tana wajen tsince gyaɗa. Gyaɗar da ta sha danshi tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana barin guba mai suna afulatoksin wadda ke lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Shi ya sa ko a Kasuwar Kawo na sayo buhu ko a Kasuwar Bacci, sai mun zauna a tabarma mun bi ta ƙwaya-ƙwaya, duk mai baƙi, mai yamushi ko mai huji a fitar. Tunkuza ma ba na karɓa sai daga matan da na san irin gyaɗarsu. Wannan aikin ba ya bayyana a jikin kwalba, amma shi ke cin lokaci da riba.

Hunturu abokin aikinmu ne, kaya su bushe ƙarau. Da damina ta kankama, musamman watan Agusta, sai komai ya yi sanyi, wutar lantarki ba tabbas, mu koma tanda da gawayi, mu rage yawan abin da muke yi. Ga kuɗin kwalba, ga zirga-zirgar rajistar NAFDAC.

Dattawa sun fi kowa ƙorafi a farko. Wani zai ce, "'Yar nan, abin naki lami ne." Sai in ce, "Baba, a ƙara haƙuri, a matsa lemon tsami a kai, harshe zai saba." Kuma nakan gaya musu wannan abinci ne, kada a ajiye maganin asibiti saboda shi. Gyaɗa da riɗi suna da mai a jikinsu, cokali ɗaya ko biyu ya ishi kwano. Na awarar a sa a firji. Sauran a rufe kwalba da kyau, kuma kada a tsoma jiƙaƙƙen cokali a ciki.