Kafin ku zuba kuɗi a ajiyar albasa

Ƙannenmu matasan Tawa, da yawa cikinku na son kafa sana'ar da za ta kawo riba, ta kuma rage wa manoma asara. Niyya ce mai kyau. Cikin muradun ci gaba 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, na 12 ya taɓo rage ɓarnar amfanin gona bayan girbi kafin 2030. Mu nan, ɓarnar a albasa take. Lokacin cira, wajen watan Maris da Afrilu, albasar Galmi da Madawa kan cika kasuwa, farashi ya faɗi, manomi ya sayar don biyan bashi. Da damina kuma buhu ya yi tsada, motoci na lodi zuwa Akara da Abijan. Wanda ya iya ajiya ya kuma raba ribar da manomi, ya yi aikin ci gaba na gaske.

Amma inda mu na gaba muka fi yin tuntuɓe shi ne tun a gona. Albasar da aka cika wa takin yuriya a ƙarshe, ko aka shayar har ranar cira, ba ta ajiyuwa, ruwa ne cikinta. A tsayar da ban ruwa kamar kwana 10 zuwa 15 kafin cira, a bar ganye ya kwanta, a shanya ta ganyen na rufe da ƙwayar don kada rana ta ƙona ta. In za a yanke, a bar wuya kamar santimita 3, ya bushe sarai, domin ta wuyan ruɓa ke shiga. Wadda fartanya ta sara, a kai ta kasuwa yau.

Rudu kuwa, wato rumbun ajiyar albasa, ya ɗaga daga ƙasa, iska na ratsa shi ta ƙasa da gefe, rufin ba ya yoyo. Kada a jibga albasar da tsayi. Duk sati biyu a shiga a tsince ruɓaɓɓu.

Sai lissafi. In kun ajiye buhu 100, kada ku yi tsammanin fitar da 100, albasa na raguwa ko ba ta ruɓe ba. Ku sa wannan a farashi, tare da kuɗin gadi, tsinta da dako. Tausayi kan sa a ba dangi bashi daga jari, shekara ta zagayo babu kuɗin saye, manoman da suka dogara da ku su koma hannun 'yan baranda. Ku rubuta yarjejeniya da ƙungiyar manoma tun kafin shuka, a fayyace kason kowa a gaban shaidu.