Abin da na koya a ɗakin masu ƙarin ƙwaƙwalwa

A shekarata ta farko ina aikin jinya a ɓangaren tiyatar ƙwaƙwalwa, wani dattijo ya ba ni wahala ƙwarai. Duk sa'ad da na kawo masa magani sai ya zage ni, ya ture tiren, can kuma ya tuntsure da dariya babu gaira babu dalili. Na ɗauka halinsa ke nan. Ranar da matarsa ta tarar da ni ina share hawaye a bakin ƙofa, ta kama hannuna ta ce, "'Yata, ki yi haƙuri. Shekara talatin muna tare, ban taɓa jin ashar a bakinsa ba sai bana."

Da yamma na zauna na duba hotonsa na MRI da kyau. Ƙarin yana gaban ƙwaƙwalwa, daidai bayan goshi, wurin da ke riƙe wa mutum linzami, ya hana shi furta duk abin da ya zo bakinsa. Na karanta wannan a makaranta, har jarrabawa na ci a kansa, amma sai ranar ya shige ni.

Tun daga nan, kafin in tambayi sunan ƙari nakan tambayi inda ya zauna. Idan a hagu ne, kusa da cibiyar magana, za ki ga mutum yana kallon kofi, ya san abin da ake yi da shi, sunan kuma ya ƙi fitowa. Idan ta baya ne, gani yake taɓawa. A ƙasan ƙeya kuwa tafiya ce ke zama tangaɗi. Shi ya sa nake taka-tsantsan da cewa "ai wannan ba ciwon daji ba ne." Ƙoƙon kai rufaffen akwati ne, ba ya buɗawa. Meningioma, wanda ke tsirowa daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa kuma ya fi kama mata, galibinsa ba ya yaɗuwa, amma in ya girma ya danne jijiyar ido zai iya makantar da mutum. Wani ƙarin ma daga huhu ko nono ya taso, ya biyo jini.

Wanda ya fi karya mini zuciya shi ne glioblastoma, mai mataki na 4, wato mafi tsanani, a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Yana kutsawa cikin lafiyayyen nama kamar saiwa, likita ba ya iya kwashe shi duka. Binciken da Roger Stupp ya jagoranta, wanda ya fito a 2005, ya nuna cewa haɗa gasa ƙarin da hasken na'ura na mako shida da ƙwayar maganin temozolomide bayan tiyata ya ɗaga tsaka-tsakin tsawon rai daga kusan wata 12 zuwa kusan wata 15. Iyalai suna samun wannan adadi a intanet, su zo mana da shi kamar takardar hukunci. Nakan zaunar da su in ce: ma'anarsa rabin waɗanda aka bincika sun wuce haka, wasu da shekaru. Kuma tun 2016 hukumar ba ta tsayawa ga kamannin ƙari kaɗai, ana duba ƙwayoyin halittarsa, kamar sauyin da ake kira IDH, wanda masu shi suka fi daɗewa. Ba na yi wa kowa alkawarin warkewa, ba na kuma yarda a ƙirga wa mai rai kwanakinsa a gabansa.

Abin da littafi bai shirya ni a kansa ba shi ne zaman gida bayan sallama. Maganin dexamethasone yana sauke kumburin ƙwaƙwalwa cikin kwana ɗaya ko biyu, sai dai yana hana barci, ya ɗaga sukari, ya kumbura fuska har mutum ya guji madubi. Wanda ya taɓa farfaɗiya dole ya ajiye tuƙi, kuma na ga magidanta da wannan ya fi yi musu ciwo a kan ɗinkin da ke kansu. Ga gajiyar da barci ba ya kore ta. Mai jinya kuwa, wadda ke kwana a kujera tana kewar mutumin da ke gabanta, da wuya wani ya tambaye ta ya jikinta. Yanzu ina tambaya.

Kwana biyar bayan an yi wa dattijon aiki, na shiga da magani da asuba, gabana yana faɗuwa. Ya miƙo hannu ya karɓa, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, 'yata." Na ce, "Yauwa Baba, ya jiki?" Bai tuna ko ɗaya daga zagin da ya yi mini ba, ni da matarsa kuma ba mu taɓa gaya masa ba.