Bargon da ake ratayawa a ƙarƙashin gadon lilo

Duk wanda ya taɓa kwana a gadon lilo, wato gadon ƙyalle da ake ɗaurewa tsakanin bishiyoyi biyu yana reto, cikin hunturu ya san ta baya sanyi yake kama mutum, daga kafaɗa zuwa ƙugu. Ko bargo uku ka shimfiɗa a ciki ba zai hana ba. Iskar da ke maƙale cikin audugar bargo ita ke riƙe ɗumi, to wanda ka kwanta a kai nauyinka ya riga ya danne shi, ga kuma iska tana ratsawa ta ƙasanka har asuba. Shi ya sa masu kwanan daji suke rataya wani bargo na daban ta waje, inda jiki ba zai matse shi ba.

Ni a lambunmu na gefen madatsar Sabke nake amfani da nawa, idan gadin injin ban ruwa ya zagayo kaina. Tsakanin wasu bedi biyu nake ɗaure gadon. A Disamba da Janairu sanyin asuba a ƙasar Daura yakan sauko wajen digiri 12 zuwa 15, kuma da wannan ya kamata mutum ya yi lissafi kafin ya fitar da kuɗinsa. Yawancin masu sayarwa a intanet ma'aunin Amurka suke rubutawa: 40, 20 ko 0. Mai lamba 40 na daren da ya kai kusan digiri 4 ne a namu ma'aunin, mai 20 kuwa har ƙasa da sifili da digiri 7. Mai 40 ya ishe mu har da rara. Sauran an yi su ne don masu kwana cikin ƙanƙara, a nan sai dai ka kwana kana gumi.

Akwai mai gashin agwagwa ko dinya a ciki, akwai mai audugar roba. Na gashin ba shi da nauyi, yana naɗuwa ƙarami, amma ga tsada, idan ya jiƙe kuma ɗuminsa ya tafi, wankinsa ma sai da lallami. Mu da ƙurar hunturu ke shiga har cikin hanci, na roban ya fi mana, a wanke a shanya. Ƙanena ma bai sayi na kanti ba. Jakar barci ya samu a gwanjo, tela ya cire zif ɗin, ya yi mata mazagi a kai da ƙafa, ya zura igiyar roba mai miƙewa. Tana aiki sarai.

Ɗaurawar ce ke raba gardama. Igiyoyin roban sukan kama inda aka tattare bakin gadon a kowane ɓangare. Idan babu kowa a ciki, ya kamata ka ga bargon ya ɗan ɗaga gadon sama. In yana reto a ƙasa, ya yi sako-sako. Sai wani ya kwanta, a karkace yadda ake kwanciya a gadon lilo, kai kuma ka tura hannu tsakanin bargon da gadon. Ƙanen nawa ne ke yi mini wannan. "Yaya, gyara kafaɗarka, nan akwai rami," sai ya ja igiyar kaɗan. Ramin da tafin hannu zai shige a sake ya isa ya hana ka barci, don nan iska mai sanyi take taruwa.

Kada kuma a ɗame shi har cikinsa ya lanƙwame, an koma gidan jiya ke nan. Mazagin kai da na ƙafa ma a ja su daidai yadda za su rufe baki kawai, domin idan aka tsuke su da yawa sai tsakiyar bargon ta saki, ta yi aljihu a ƙasan gwiwa.

Wanda ya tsaya daga kafaɗa zuwa ƙwauri ya fi arha a kan mai tsawon jiki duka. In shi ka saya, ka ninka tsohuwar rigar sanyi ka sa a ƙarƙashin dugaduganka. Idan zafi ya shigo a Maris, kada ka bar shi a cushe cikin 'yar jakarsa, ka zuba shi a babban buhu a sake, ka rataye inda ɓera ba zai kai ba.