Tukunya ɗaya, gida biyu

Talata, bayan isha'i, Maraɗi.

Gida goma sha biyu aka ɗora mini yau in yi wa tambayoyin binciken zaman 'yan gudun hijira, takwas na iya yi. A cikin takwas ɗin ma guda ɗaya ne ya hana ni sakat, shi ya sa na ce bari in rubuta kafin barci ya kwashe ni.

Da sassafe muka kama hanyar Gidan Rumji, daga baya muka bar kwalta muka shiga rairayi zuwa wani ƙauye kusa da iyaka. Da muka je gaida maigari, ya dubi kwamfutocin hannunmu ya ce, "An zo ƙidayar ce kuma? Ko awakina ban ƙirga su kamar yadda kuke ƙirga baƙin nan." Muka yi dariya, amma ni dai ta yaƙe ce.

Tun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina ke tsallakowa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. Gwamnati da HCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, sun kwashe wasu zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da iyaka, amma da yawa sun yi zamansu a gidajen dangi da na abokan arziki. Irin waɗannan gidajen aka turo mu, mu ga yadda baƙi da masu masauki ke ci da sha.

Gida na biyar na tarar da tsofaffi biyu a gindin dalbejiya suna ɓarar gyaɗa, ya da ƙanwa. Ƙanwar ce ta gudo daga ƙasar Sabon Birni a watan Mayun 2020, lokacin harin da aka kashe mutum fiye da 70, da suruka da jikoki shida. Na gaishe su, na karanta musu bayanin neman yarda, sannan na fara.

"Inna, ke 'yar ina ce?"

Ta nuna wani ɗakin laka da haɓa. "Ɗiyata, a ɗakin can aka yanke mini cibi. Aure ya kai ni can."

Nan fa na tsaya. A wurin horo an yi ta nanata mana bambancin: wanda ya ƙetare iyakar ƙasarsa ɗan gudun hijira ne, da yarjejeniyar Janeba ta 1951 da ta ƙasashen Afirka ta 1969 a bayansa, wanda ya gudu bai bar ƙasarsa ba, nasa na ƙarƙashin yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda Nijar ta yi wa doka tata a 2018. A kan allo abin tsaf. To wannan fa? An haife ta a Nijar, ta shekara kusan arba'in a Najeriya, ba ta da takardar nan, ba ta da ta can. Jikokinta kuwa ba su taɓa taka garin ba sai ranar gudu. Na'urar kuma ba ta barin ka wuce sai ka zaɓi ɗaya.

Shekarunta ma sai da muka yi lissafi. Ta ce lokacin yunwar El-Buhari tana goyon ɗanta na biyu, wato 1984, sai na sa mata sittin da 'yan kai. Da na nemi sunan ɗan fari ta kau da kai, ni ma na ji kunyar kaina, kamar ba Bahaushiya ba. Yayar ce ta faɗa a hankali, ta ƙara da "Allah ya jiƙan shi."

Sai maganar gida. Mu a aikinmu, gida shi ne waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya. Su goma sha bakwai ne, kuma tukunyar ɗaya ce, da idona na gan ta a kan murhu. Amma tambayoyin baƙi daban, na masu masauki daban. Na fita bayan danga ina ɗaga waya sama har na samu layi, na kira shugaban tawagarmu. Ya ce in raba su biyu, in sa tsohuwar tare da jikokinta. Na raba. Na tambayi ƙanwar kwana nawa suka ci nama a kwana bakwai da suka wuce, ta ce ko ɗaya. Na juya na yi wa yayar tambayar nan sak. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, ba yanzu ƙanwata ta gaya miki ba?"

Maigidan ya shigo ana haka, dattijo mai ƙarancin magana. Ya ce da can rumbunsa kan kai shi har a yi shuka, yanzu tun bazara ba ta yi nisa ba yake komawa awo da tiya, kuma raguna biyu ya sayar bara. Bai faɗe shi da sigar ƙorafi ba. Na duba tambayoyin sama da ƙasa, babu gurbin da zan sa ragunan nan.

Ba na raina aikin nan, Allah ya sani. Buhun hatsi ba ya zuwa garin da ba a san adadin mutanensa ba, haka rijiyar burtsatse da ajin makaranta. Abin da ke ci mini rai shi ne, wanda zai zauna a Yamai ko Janeba ya buɗe alƙaluman zai ga gida biyu, ɗaya na 'yan gudun hijira mutum takwas, ɗaya na 'yan gari mutum tara, kuma ni na rubuta masa haka.

Da za mu tafi suka dama mini fura, na ƙi, suka rantse, na sha. Ƙanwar ta rako ni har zaure ta ce, "To me kika rubuta ni?" Na ce baƙuwa, Inna. Ta yi dariya har da tafi, ta ƙwala wa yayarta kira ta zo ta ji.

A ƙarshen tambayoyin akwai ɗan fili na ƙarin bayani. Nan na rubuta cewa gida mai lamba biyar da mai lamba shida gida ɗaya ne, na sa maganar ragunan. Na jona na'urar a caji. Gobe akwai huɗun da suka rage, ga kuma sha biyun goben.